Lacca: Shaƙe wuya ba horo ba ne

Jama'a, ƙwaƙwalwa kashi 2 cikin 100 ce ta nauyin jiki, amma ita ke shan kashi 20 na iskar da jini ke ɗauka. In aka danne jijiyoyin wuya, mutum kan suma cikin daƙiƙa 10. Bayan minti 5, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su fara mutuwa, kuma ba su sake tohuwa. A 2020, a Amurka, ɗan sanda ya danne wuyan George Floyd da gwiwa sama da minti 9, har ya cika. Wanda aka shaƙe, ko ya farfaɗo, a gaggauta kai shi gidan likita, domin kumburin maƙogwaro ko shanyewar ɓarin jiki na iya biyowa bayan awoyi. Jandarma da ƴan sanda su kiyaye: doka ta ba su ikon kamu, ba ta ba su ikon kisa ba.