RENON DASHEN KAYAN LAMBU A CIKIN GIDA



Tun a shekarar 1976, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, aka yi kira ga kowane magidanci ya noma kayan miya, ko da a bayan ɗakinsa ne. Har yau wannan kira yana da amfani, musamman ga mazauna birane irin su Ikko da Ibadan da Inugu, inda yawancin tumatir da tattasai sukan sha doguwar tafiya daga Arewa kafin su iso kasuwa.

Mutane da yawa sukan fara renon iri cikin akwatin katako ko tsohon kwano, a zaure ko a baranda, domin su tsare shi daga dūkan ruwan sama da ɓarnar kaji. Dabara ce mai kyau. Amma sau da yawa tsiron yakan fito siriri kamar zare, ya yi tsawo, ganyensa ya koɗe, daga baya ya kwanta. Sai mai shi ya ɗora laifi a kan iri, alhali kuwa mafi yawan lokaci rashin haske ne ya jawo haka.

Ga yadda abin yake. Da hasken rana tsiro yake haɗa abincinsa a cikin ganye. In ya fito a wuri mai duhu, sai ya ƙarar da ɗan guzurin da ke cikin ƙwayarsa wajen miƙewa neman haske, karansa bai sami kauri ba. Zafin ɗaki yana ƙara wannan miƙewa. Haka ma cunkoso, domin kowane tsiro yana ƙoƙarin ya wuce inuwar ɗan'uwansa. Yawan ruwa da yawan takin zamani su kuma sukan sa jikinsa ya yi laushi.

Saboda haka a kiyaye waɗannan abubuwa:

1. A huda gindin akwatin don ruwa ya riƙa fita. A cika shi da ƙasa mai kyau wadda aka gauraya da rairayi da ruɓaɓɓen taki.

2. A shuka irin a layi, zurfin kamar santimita 1, kada a watsa shi barkatai.

3. Tumatir yakan tsiro cikin kwana 5 zuwa 10. Ranar da ya ɓullo, a fid da akwatin inda zai sami hasken safiya. Ƙwan lantarkin da muke haskaka ɗaki da shi ba ya isarsa. In a bakin taga yake, a riƙa juya akwatin kullum.

4. Da ganyen gaskiya ya fito, a rage tsiron, a bar tazarar kamar santimita 5. Kada a ji tausayin raunana.

5. A yi ban ruwa da safe, yayyafi kawai, in saman ƙasar ya fara bushewa. Ƙasa mai jiƙe kullum takan kawo cutar da ke ruɓar da kara daga gindi. Tsiron da ya kamu ba ya tashi, sai a cire shi a yar.

To, wanda nasa ya riga ya sirance fa? Kada ya fid da rai. Ya ƙara masa haske sannu a hankali, gama tsiron da ya saba da inuwa yakan ƙone in an sa shi cikin ranar tsaka farat ɗaya. Ya rage ruwa, ya dakatar da taki. Shafa kan tsiron a hankali da tafin hannu kullum yana sa kara ya yi kauri, kamar yadda iska take yi masa a fili. Ran dashe kuwa, a binne karan tumatir har zuwa ganyen farko, domin saiwa takan fito a jikin karan da ƙasa ta rufe. Amma kada a yi wa albasa haka, ba ta son zurfi.

Tumatir yakan isa dashe bayan mako 4 zuwa 5, tattasai da attaruhu kuwa mako 6 zuwa 8. Saura mako guda, a riƙa barin akwatin a waje, ana ƙara masa lokaci kowace rana. A yi dashen da la'asar, a ba shi ruwa nan take.

Jama'a, Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Gajeren dashe mai kaurin kara da koren ganye ya fi dogo siriri saurin kama ƙasa. Duk mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na ƙaramar hukumarsa.

Allah Ya ba mu yabanya mai albarka, amin.