Gandun dajin W da itatuwan bakin gulbi



Kowa ya ɗauki allonsa ya rubuta harafin W. To, haka gulbin Isa ya lanƙwashe kudu da Yamai, wajen kilomita 150. Daga wannan lanƙwasa ne gandun dajin ya samu sunansa. An kafa shi a 1954. Rabon Nijar hekta 220.000 ne, tsakanin gulbin Tapowa da na Mekuru, sauran yana Benin da Burkina Faso. A 1996 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gādon duniya.

In an ce W, mutane giwa da zaki suke tunawa. Mu yau zancen itatuwa za mu yi, don giwa ba ta zama inda babu ganye.

A bakin ruwa akwai giyayya, wadda ambaliya ba ta kashewa. Akwai kanya da tsamiya da maɗaci. Saiwoyinsu sun riƙe gaɓar gulbi kamar yadda zare ke riƙe riga. Inda aka sare su, ruwan damina ya kan zaftare gaɓa, yashi ya cika gulbi, kifi ya rasa gurbi, masunci ya koma gida hannu wofi. Mutanen Maradi, ku dubi gulbinku, ku tambayi tsofaffi yadda bakinsa yake a dā.

Sai giginya. Akwai namiji, akwai mace, macen ce ke ƴaƴa. Gara ba ta cin azararta, shi ya sa kowa ke kai mata gatari. Amma tana shekaru masu yawa kafin ta isa sara, kuma wanda ya tone muruci duka bai bar wa jikansa azara ba.

Can nesa da ruwa akwai marke da gamba da kuka. Inda kukoki suka taru, sau da yawa kufai ne, mutane sun taɓa zama wurin.

Cikin gandun an hana sara da farauta da kiwo. Wuta ma, ma'aikatan daji ne ke sa ta da wuri, bayan damina, tun ciyawa ba ta bushe sarai ba, don kada gobarar rani ta ƙone ƙananan itatuwa.

Aikinku na wannan mako: ku rubuta sunayen itatuwa biyar da ke bakin gulbi ko tabkin garinku, da biyu waɗanda suka ɓace. Ku kai wa malaminku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.