Allura Uku Kafin Wata Huɗu



Maganata a kan ciwon haƙarƙari ce, wanda mu a Kanya da sauran ƙauyukan ƙasar Zuru muke ɗora wa sanyin hunturu. Sau da yawa ƙwayar cuta ce, nimokokas, wadda kan haura kai ma ta zama sanƙarau. Yaro ɗan wata 2 zuwa 11, in numfashinsa ya kai 50 a minti guda, asibiti za a nufa da shi, ba kemis ba.

Akwai rigakafi. Da aka gwada shi a Gambiya tsakanin 2000 da 2004, mutuwar yaran da aka yi wa ta ragu da kashi 16 cikin ɗari. Nijeriya ta fara bayarwa a Disamba 2014, kyauta, a mako na 6, na 10 da na 14.

A ganina, a ta ukun ake faɗuwa. Uwa ba ta ƙi ba. Kuɗin babur ne babu, ko maigida bai ce a je ba. Don haka da ku maza nake. In kun je gida, ku karɓi katin rigakafin 'ya'yan ƙannenku ku ƙirga da idonku.