Lambun Bayan Gida da Tukunyar Miya

Yau maganarmu a kan ganye ce da kayan miya, watau yadda kowane magidanci zai shuka su a gidansa, da kuma yadda uwargida za ta dafa su ba tare da amfaninsu ya salwanta ba.

Mu da muke aiki a ɗakin shan magani mun san akwai lokacin da yara marasa ƙarfi sukan yi yawa. Lokacin nan kuwa shi ne daga tsakiyar rani zuwa faɗuwar ruwa, sa'ad da ɗanyen ganye ya yi wuya, kayan miya suka yi tsada, aka koma tuwo da miyar da ba kome cikinta sai gishiri da daddawa. Ciki yana cika, amma jiki bai sami abin da yake bukata ba. Gama tuwon dawa da na gero suna ba da ƙarfin aiki, amma ba su isa su gina jikin yaro su tsare shi daga cuta ba.

Ku duba dundumi. Yaro yana gani sarai da rana, da magariba ta yi sai ya riƙa tuntuɓe, yana lalube. Yawanci abin da ke kawo shi rashin bitamin A ne. In aka ƙyale shi sai farin idon ya bushe, in kuwa ƙyanda ta faɗa wa yaron a kan haka, idon yana iya lalacewa har abada. Wannan bitamin yana nan cikin hanta da ƙwai da madara da manja. Yana nan kuma cikin abin da ba sai an saya ba: alayyafo, zogale, rama, lalo, kabewa, karas, gwanda, mangwaro, da dankali mai jan ciki.

Sai kuma ciwon nan da ke kumbura ƙafafun yaro da fuskarsa, gashinsa ya yi ja ya yi laushi. Wata likita, Cicely Williams, ta bayyana shi a shekarar 1933 tana aiki a Akra, lokacin ana kiran Ghana Gwalkwas. Mutanen Ga suna ce da shi kwashiyoko, watau ciwon yaron da aka yi wa ƙane. Lalle sunan ya dace, domin yakan kama yaron da aka yaye farat ɗaya aka bar shi da tsinkakken kunu. Saboda haka lambun gida ba na ganye kaɗai ba ne, a bar wa wake da gyaɗa wuri.

To, yaya za a fara? Nemi wurin da rana take samu yawancin yini, nesa da bakin masai da kwata. Fili mai tsawon taku huɗu da fāɗin taku uku ya isa mafari. Abu na farko shinge, na kara ko na ƙaya, gama akuya ɗaya da kaji biyu sun isa su cinye wahalar wata guda kafin azahar. Sa'an nan ka kafce ƙasar da kyau, ka raba ta fangali fangali, kowane ɗaya fāɗinsa kada ya wuce yadda hannunka zai kai tsakiya, don kada a riƙa taka shuka.

Taki kuwa ba sai ka je kasuwa ba. Haƙa rami a gefe, ka riƙa zuba kashin awaki da na kaji, da ɓawon kayan miya, da busasshen ganye, da 'yar toka. Ka yayyafa ruwa, ka juya shi lokaci lokaci. Cikin wata biyu zuwa uku zai ruɓe ya yi baƙi, ba wari. Ɗanyen taki yana ƙone shuka, yana kuma ɗauke da ƙwayoyin cuta. Bayan gidan mutum kuwa kada ya kusanci lambu ko kaɗan, domin ta nan ƙwan tsutsar ciki yake hawa ganye ya koma bakin yara.

Fara da alayyafo, shi ne mai saurin biya. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, sai ka gauraya shi da yashi ka yafa. Cikin mako uku zuwa huɗu za ka fara ci, in kuwa yanka kake yi ba tugewa ba, zai sāke tofowa. Kowane mako biyu ka shuka sabon fangali, ta haka ganye ba zai yanke muku ba. Kuɓewa takan fara 'ya'ya wajen wata biyu. Rama da yakuwa da lalo ba su da wuyar sha'ani da damina. Tumatir da albasa da karas sun fi son lokacin sanyi. Tumatir ana fara renonsa ne, bayan kamar mako huɗu a dasa. Kabewa a bar ta ta bi shinge ko ta hau rumfa. A kusurwa kuma ka dasa zogale biyu da gwanda. Reshen zogale in ka kafa shi da damina yakan kama. Ka riƙa sare kansa kada ya wuce tsayin mutum, sai ya yi rassa, ganyen ya zo inda hannun uwargida zai kai.

Wani zai ce, ina ruwan yake da rani? Ruwan alwala, da wanda aka wanke shinkafa ko kayan miya da shi, duk zubarwa ake yi. A tara shi a ba shuka da sassafe ko da yamma, a gindi. A rufe ƙasar da ciyawa busasshiya don kada rana ta shanye laimar. Amma ban da ruwan kwata, kada kuma a bar ruwa ya kwanta ko tulu a buɗe, don kada mu gudu daga yunwa mu faɗa hannun sauro. Wanda yake gidan haya ba fili, tsohon buhu ko fasasshen bokiti in an cika shi da ƙasa da taki ya isa alayyafo da tattasai.

In ƙwari sun zo, a fara da tsince su da hannu, da barbaɗa toka, da ruwan ganyen darbejiya da aka daka aka jiƙa ya kwana. Wanda ya fesa maganin kanti, lalle ya jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar kafin ya tsinki ganye, ya kuma ajiye kwalbar inda yaro ba zai kai ba.

Yanzu kuma gare ku, iyayenmu mata, domin abin da maigida ya shuka a hannunku zai yi amfani ko ya lalace. Ki wanke hannunki da sabulu. Ki wanke ganyen da ruwa mai tsabta tun yana ɗungum, sa'an nan ki yanka. In kika yanka kika jiƙa, wani amfanin ya tafi cikin ruwan da kika zubar. Ganye shi ne na ƙarshe a shiga tukunya, ki rufe, da ya yi laushi ki sauke tun yana kore. Ki rage kanwa, gama tana kashe waɗansu bitamin. Wake in ya kwana a jiƙe zai nuna ba da ita ba. Kada miyar ganye ta rasa ɗan mai, ko man gyaɗa ko manja, domin bitamin A ba ya shiga jiki sosai sai da mai. Manjan kuma kada a soya shi har jansa ya gushe. Ashe kakanninmu da suka haɗa zogale da ƙuliƙuli a kwaɗo, suka haɗa kabewa da gyaɗa da alayyafo a miyar taushe, sun san abin da suke yi.

Ganye da wake suna taimakon jini. In an matsa lemon tsami ko an haɗa da tumatir, jiki ya fi ɗaukar amfanin, shayi kuwa in an sha shi a kan abinci yana rage shi. Duk da haka mai ciki kada ta fasa zuwa awo da shan maganin ƙarin jinin da aka ba ta. Ganye abinci ne, ba ya tsayawa a madadin likita.

Jariri nono zalla zai sha har wata 6. Daga nan a fara ba shi kunu mai kauri da gyaɗa, da faten wake, da kabewa da ganye da aka dafa aka murtsuke, ana ci gaba da nono har shekara 2. A zuba masa a nasa kwano, a zauna da shi, domin in an haɗa shi da yayyensa kafin ya kai loma biyu an sūɗe. Daga wata 6 har shekara 5 a kai shi karɓar ɗigon bitamin A kowane wata shida, a kuma yi masa allurar ƙyanda. In kun ga dundumi ko kumburin ƙafa, kada ku tsaya jiran lambu, ku kawo shi asibiti ran nan.

Abu na ƙarshe, tanadi. Da damina ganye yakan yi yawa har a rasa yadda za a yi da shi. A shanya zogale da kuka da rama a inuwa, inda iska ke ratsawa, a kan tabarma mai tsabta, ba a rana ko a bakin hanya ba, gama rana tana cinye bitamin, ƙura kuma tana kawo cuta. In ya bushe ƙayau a adana a abu mai murfi. Gyaɗar da ta yi funfuna kuwa a zubar, tana da dafi mai cutar hanta.

Maigida, kada ka ce sai damina. Ka kafa shingen nan cikin makon nan, ka haƙa ramin taki, ka sa yara su riƙa ban ruwa. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.