Gasar lissafi: sai da hujja

Masu shirin gasar lissafi ta ƙasa, ku sani amsa kaɗai ba ta isa, hujja ake maka maki a kanta. Ku duba n²+n+41. Daga n=0 har 39, lambar da ta fito ba ta rabuwa sai da 1 da kanta. Sai mutum ya ce shi ke nan, doka ce. To, ku sa 40: 1681, wato 41×41. Misali arba'in sun tashi a banza! Ni ma irin wannan ramin ya taɓa cin makina. Bayan sallar asuba ku ɗauki tambaya guda, ku rubuta hujjarta layi-layi, aboki ya nemo inda ta yoye. Ko kwana uku za ta ci, kar ku leƙa gyaran malam.