Jirgin Da Babu Direba

Mai Keke Napep a Ƙofar Kware ta Sakkwato da ido da hon yake neman hanya. A Riyad kuwa, jiragen ƙasa na cikin gari da aka fara buɗewa a Disambar 2024, layi shida, kilomita 176, babu direba ko ɗaya.

To wa ke taka birki? Jirgin yana ƙirga juyawar ƙafafunsa, yana daidaita lissafin da ƙananan na'urorin da aka kafa a tsakiyar dogo, domin GPS ba ya ratsa ƙarƙashin ƙasa. Ta rediyo yake sanar da kwamfuta inda yake, ita kuma ta yanke masa iyakar tafiya. In saƙo ya katse, sai jirgin ya tsaya cak. Duk wannan lantarki yake ci dare da rana, kun kuwa san halin wutarmu a Sakkwato.