Kagarun Normawa a Ingila a Zamanin Sarki William

A ranar 28 ga Satumba 1066, William, mai mulkin Normandi a arewacin Faransa, ya sauka da rundunarsa a Pevensey, bakin tekun kudancin Ingila. Aikin farko da ya sa mutanensa shi ne haƙa gwalalo da kafa shinge a cikin tsohuwar ganuwar da Rumawa suka bari. Daga nan ya matsa Hastings ya tayar da wata kagara, tun kafin ya gwabza da Sarki Harold na Ingila a ranar 14 ga Oktoba. Bayan ya ci Ingila, haka ya tafiyar da mulkinsa har ƙarshe: inda duk ya ci da yaƙi, gini ke biyo baya.

Mutanen Ingila sun san tsaro tun kafin zuwansa. Daga zamanin Sarki Alfred suna da garuruwa masu ganuwa, waɗanda, kamar badalar Kano, ke tattara basarake da talaka a cikin kariya guda. Kagarar Normawa ta sha bamban. Gida ne na ubangida ɗaya da mayaƙansa, kuma mutanen garin da take cikinsa su ne aka gina ta domin a danne. Orderic Vitalis, malamin tarihi na ƙarni na 12, ya danganta gazawar mutanen ƙasar wajen korar Normawa da ƙarancin irin waɗannan gine-gine a hannunsu.

Yawancin kagarun da ƙasa da katako aka yi su. Ana haƙa rami a kewaye, a tara ƙasar da aka kwaso a tsakiya, a daddaɓe ta hawa-hawa har ta zama tudu mai gangara. A samansa a kafa shingen gungume da hasumiyar katako. A gindin tudun a killace fili mai nasa ramin, inda bargar dawakai da rumbuna da maƙera da ɗakunan sojoji suke, sai siririyar gada ta haɗa filin da tudun. Zanen da aka yi da zare a ƙyallen Bayeux ya nuna ma'aikata da shebur suna tara tudun Hastings. Aikin bai buƙaci ƙwararrun magina ba, hannuwa kawai yake so, kuma manoman yankin ake tilasta wa yin sa. Wannan sauƙi ne ya ba rundunar da ba ta wuce 'yan dubbai ba damar riƙe ƙasa mai mutane kusan miliyan biyu.

A 1068, da tawaye ya kunno kai, William ya nausa arewa yana dasa kagaru a Warwick da Nottingham da York, a hanyar dawowa kuma a Lincoln da Huntingdon da Cambridge. Talakawa sun ji jiki. Littafin ƙidayar Domesday na 1086 ya rubuta cewa an rushe gidaje 166 a Lincoln domin a samar wa kagara fili, lissafin da bai kamata a wuce shi da sauri ba, domin kowane gida iyali ne da aka tasa. Katako kuma yana da rauni. A 1069 'yan tawaye da mayaƙan Danmak suka ci kagarun York biyu, abin da ya jawo mummunar ramuwar gayya daga William, aka ƙone gonaki da dabbobin arewa har yunwa ta kashe ɗimbin jama'a.

Ginin dutse tsada gare shi, don haka sai a muhimman wurare. William fitzOsbern ya kafa Chepstow a iyakar Wales a 1067. A Colchester an ɗora hasumiya a kan harsashin haikalin Rumawa. Mafi shahara ita ce Farar Hasumiya ta Landan, wadda aka fara wajen 1078 a ƙarƙashin kulawar Gundulf, bishop na Rochester, har da dutsen da aka ɗauko a jiragen ruwa daga Caen. Tsayinta ya kai kusan mita 27, kaurin bangonta daga ƙasa ya haura mita 4, ƙofarta kuma a bene take, da matakalar katako da za a iya cirewa idan an kawo hari. William ya mutu a 1087 ba a gama ta ba, sai wajen 1100 aka kammala aikin.